Sunan da Aka Tsinta a Jikin Safa

Da misalin ƙarfe goma da rabi na daren 19 ga Satumba, 1944, mutanen Steenbergen, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Holan, suka ji rugugin jirgi yana tafe ƙasa-ƙasa, injinsa na tari. Can sai ya kama da wuta, ya rikito a gonakin bayan gari. Garin yana hannun sojan Jamus a lokacin, kuma kwana biyu ke nan da fara saukar sojan laima na Ƙawance a yankin Arnhem, don haka faɗuwar jirgi ba baƙon abu ba ce. Jamusawa suka killace wurin. Da aka zo tattara abin da wuta ta rage, an ɗauka mutum ɗaya ne a ciki, domin an sami 'yar shaidar da soja ke ratayawa a wuya, ɗauke da sunan Warwick. Sai da aka tsinci hannu na uku aka gane ashe su biyu ne. Shi na biyun babu abin da ya faɗi ko shi wane ne sai safa, wadda ke ɗauke da 'yar alamar nan da masu wanki ke liƙawa don kada kayan wani su shiga na wani. A jikin alamar an rubuta Guy Gibson.

Mutanen garin ba su san mai wannan suna ba. Duk da haka mataimakin magajin gari ya dage sai an yi wa mamatan sutura irin ta 'yan Adam. Aka ƙera ɗan akwati guda aka sa su biyun a ciki, aka yi hayar keken doki na ɗaukar gawa daga wani gari na kusa, aka lulluɓe akwatin da tutar Holan. Da yake ba wanda ya san ɗarikar da suke bi, limamin Katolika da faston Furotesta suka raba addu'ar a tsakaninsu. Aka binne su a maƙabartar Katolika ta garin. A kan gicciyen katako aka rubuta sunan Warwick da muƙaminsa cikakke, a ƙasa kuma aka ƙara ɗaya sunan tsurarsa, ba muƙami ba lamba.

Ashe Gibson ɗin da suka binne, a duk Birtaniya babu matuƙin jirgin bama-bamai da ya kai shi suna. An haife shi a Simla ta ƙasar Indiya ranar 12 ga Agusta, 1918, inda mahaifinsa ke aikin gandun daji a gwamnatin mulkin mallaka. Ya shiga sojan sama a 1936, ya fita aikin yaƙi fiye da sau 170. Shi ya jagoranci runduna ta 617 a harin fasa madatsun ruwan Jamus cikin Mayun 1943, aka ba shi Victoria Cross, lambar bajinta mafi girma a ƙasarsa, yana ɗan shekara 24. Daga nan aka janye shi daga fagen fama. Firayim Minista Churchill ya tafi da shi Kanada, ya zagaya Amurka yana jawabai, ya zauna ya rubuta littafi. Zaman ofis bai karɓe shi ba, ya yi ta naci sai an mayar da shi sama. A daren da rai ya yi halinsa, shi ne mai ba da umarni ta rediyo ga jiragen da suka je ruwan wuta a Rheydt da Mönchengladbach. Yana tuƙa Mosquito ne, jirgin katako mai kujera biyu wanda bai goge da shi sosai ba, da mai duba hanya Jim Warwick, mutumin Belfast, a gefensa. Har yau masana na ja-in-ja kan abin da ya kayar da su a hanyar komowa: wasu na cewa matsalar sauya tankin mai ce, wasu na cewa wani maharbin jirginsu ne ya ɗauke su abokan gaba a cikin duhu. Shekarunsa 26.

A can Ingila kuwa ba wanda ya ce ya mutu. Cewa aka yi ya ɓace, kuma sai a farkon Janairun 1945 aka sanar da mutuwarsa a hukumance.

Wannan kalma ta ɓacewa ita ce abincin yau da gobe na rundunar bama-baman Birtaniya. Cikin kusan mutum 125,000 da suka hau jiragenta, 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba, kuma mafi yawansu ta wannan ƙofa labarinsu ya fara shiga gidajensu. Jirgi ya tashi da almuru, asuba ta yi ba a ji ɗuriyarsa ba, sai magatakarda ya rubuta a littafin sansani cewa bai dawo ba. Rediyo ya faɗa wa ƙasa cewa jirage kaza sun ɓace. Ɗan aike ya kai wa uwa ko mata waya-tangaraho mai layi biyu. Kafin rana ta take, an kwashe kayan mutum daga gefen gadonsa, an ɗaure, an ajiye, domin wani yaron na tafe zai kwana a gadon. Su kansu matuƙan ba su cika furta mutuwa a tsakaninsu ba. Suna da zaurancensu na barkwanci da suke kewaye ta da shi, don da daddare su ma za su tashi.

Kada a ɗauka ƙarya hukuma ke yi. Ba ta ga gawa ba, kuma da yawa cikin waɗanda aka ce sun ɓace daga baya sunayensu sun ɓullo ta hannun ƙungiyar Red Cross a Janeba, suna raye a sansanonin fursuna. Wasu ma manoman Holan da Beljiyam da Faransa ne suka ɓoye su a rumbuna, suka yi ta miƙa su hannu zuwa hannu har suka tsallaka Sifen. To, wannan ɗan ƙyallin gaskiya da ke cikin kalmar shi ne azabarta. Wadda aka ce mijinta ya mutu ta san abin da ke gabanta: a yi zaman makoki, a yi mata gaisuwa, ta shiga takaba, ta fita. Wadda aka ce nata ya ɓace ba ta da ranar shiga balle ta fita. Ba a yi mata ta'aziyya, don kada a yi wa mai rai fatan mutuwa, ba a kuma yi mata barka. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanta ya faɗi.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin nauyin wannan hali, har suka ba mutumin suna nasa na kansa: mafƙudi. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san hukuncin. Matar ta kai ƙara, a bincika, in ba a sami labari ba a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta wadda mijinta ya rasu, wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Dubi yadda shari'a ta raba mutum ɗaya gida biyu: ta fuskar aure ta sallami matarsa, ta fuskar gado ta ci gaba da lissafa shi cikin masu rai. Ma'aikatar sojan saman Birtaniya ma haka ta riƙa yi da nata ma'aunin; in watanni suka shuɗe shiru, sai ta aiko da wasiƙa ta biyu cewa don bukatun hukuma an ƙaddara ya mutu. Alƙali da magatakarda duk abu ɗaya suke nema, wato ranar da za a ce wa mai jira ta daina jira. Fiye da mutum 20,000 na sojan sama ba a taɓa samun inda suka kwanta ba. Sunayensu na jere a bangon Runnymede, kusa da Landan, wanda aka buɗe a 1953.

Idan aka auna da waɗannan, Gibson ya yi sa'a. Yana da kabari, ko da yake a ƙasar wasu ne. Da yaƙi ya ƙare ba a tono shi an kai shi gida ba, domin tun Yaƙin Duniya na Farko Birtaniya ta yanke cewa sojanta a yankin da ya faɗi zai kwanta. Hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda Fabian Ware ya assasa a 1917, ita ta tsaya kai da fata a kan haka, duk da kukan iyaye masu hali da suke son a kawo musu 'ya'yansu. Hujjarta ita ce in aka buɗe ƙofa, ɗan mai kuɗi zai koma gida, ɗan talaka ya saura a daji. Sai ta ce kowa dutse iri ɗaya, tsawo ɗaya, janar da kurtu. Iyali an bar musu ɗan fili a gindin dutsen su rubuta abin da ke ransu, amma kada ya wuce harafi 66. Ka yi tunanin uwa a zaune da fensir tana ƙirga haruffa, tana soke kalma don ta sami wurin sa wata.

Mu wannan bai kamata ya zame mana abin mamaki ba. In mutum ya rasu a tafiya mukan ce ƙasarsa ce ta kira shi, kuma alhajin da ya cika a Makka ba a ɗauko shi, iyalinsa ma murna suke yi masa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda baƙon kabari ke zama amana a wuyan masu gari. Sojan Kanada sun 'yantar da Steenbergen a farkon Nuwamban 1944. Da aka tabbatar da ko wane ne Guy Gibson, aka sake gicciye, daga baya aka kafa fararen duwatsu biyu kafaɗa da kafaɗa. Yau a garin akwai titi mai sunan Gibson, akwai mai sunan Warwick, kuma a daidai inda jirgin ya faɗi, wanda yanzu unguwar masana'antu ce, an shimfiɗa tutar Birtaniya da duwatsu masu launi a ƙasa. Mutanen Holan suna da dalilinsu. Jamus ta mamaye su a Mayun 1940, ta ƙone tsakiyar Rotterdam da bama-bamai, ta kwashe Yahudawansu zuwa sansanonin kisa, ta tura samarinsu aikin tilas. Wanda yake cikin wannan hali, in ya ji rugugin jiragen Ingila suna wucewa gabas da tsakar dare, ya san ba a manta da shi ba. Kowace shekara ranar 4 ga Mayu da ƙarfe takwas na dare ƙasar kan yi shiru na minti biyu don mamatan yaƙi, kuma baƙin da ke kwance a maƙabartunsu suna cikin lissafi.

Sai dai da suna ya dawo wa Gibson, bai dawo shi kaɗai ba. Ya taho da laƙabi, wato jarumi. Fim ɗin da aka yi a 1955 kan harin madatsun, wanda Richard Todd ya fito a matsayinsa, shi ya ƙarasa dasa laƙabin a zukatan Ingilishi. Ni ban ga abin musu a jaruntakarsa ba. A daren 16 ga Mayu, 1943, jiragen Lancaster 19 suka tashi daga Scampton, kowanne da bam mai siffar ganga, nauyinsa ya haura tan huɗu, wanda injiniya Barnes Wallis ya ƙera. Kafin a sake shi sai an juya shi yana wulwulawa da baya, don ya yi ta tsalle a kan ruwa, ya haye ragar da aka shimfiɗa ta kariya, ya daki bango, ya nutse, sannan ya fashe a gindi. Wannan ba ya yiwuwa sai jirgi ya sauko ƙafa 60 kacal daga fuskar ruwa, cikin dare, tsakanin duwatsu. Na'urar auna tsawo ba ta iya wannan aiki, sai aka ɗaura fitila biyu a cikin jirgin suna haska ƙasa. In haskensu ya haɗu a kan ruwa, to an daidaita. Ma'ana, jirgin da ya kamata ya ɓuya shi ne ke kunna wa maharba fitila. Gibson ya fara jefa nasa a madatsar Möhne, bango bai fashe ba. Jirgi na biyu aka harbo shi yana kallo. Maimakon ya ja gefe, sai ya riƙa rakiyar waɗanda suka biyo baya, yana tafe kusa da su don bindigogi su koma kansa. Da Möhne ta fashe ya ja sauran zuwa Eder, ita ma aka fasa ta. Jirage 8 ba su koma gida ba. Cikin mutum 133 da suka fita, 53 sun mutu, 3 aka kama. Wanda ya yi wannan, in an kira shi matsoraci an yi ƙarya.

To amma ruwan da aka saki ina ya tafi? Wanda ya ga abin da Maiduguri ta gani a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ruwan Möhne ya gangara kwari mutane na barci, ko suna ɓoye a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa saboda jiniyar hari, inda nan ne mafi munin wurin da ambaliya za ta iske mutum. Ƙididdiga ta sa mamatan wannan dare tsakanin 1,300 da 1,600. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancinsu ba Jamusawa ba ne. Fursunonin yaƙi ne da leburorin tilas da Nazi suka kwaso daga ƙasashen da suka ci. A garin Neheim akwai sansanin bukkokin katako a bakin kogi, cike da mata, da yawansu daga Yukren, waɗanda aka kawo aikin masana'anta. Ɗaruruwansu ruwa ya tafi da su. Da yawa ba a gane su ba aka binne su. Iyayensu a ƙauyukan da yaƙi ya riga ya daidaita ba su sami ko waya-tangaraho ba. Ko kalmar ɓacewa, mai azabar nan, ba a yi musu alfarmarta ba. Jamus kuwa ta tara dubban ma'aikata ta toshe madatsun kafin shekarar ta ƙare.

Wani zai ce ai laifin na wanda ya kawo matan can ne ya tsare su. Gaskiya ne, kaso mafi girma nasa ne, kuma mulkin Hitila abu ne da ya wajaba a murƙushe. Gibson bai zaɓi inda za a kai hari ba, aika shi aka yi. Amma duniya da kanta ta dawo ta duba irin wannan aiki ta ga bai dace a maimaita ba: a 1977 aka ƙara wa yarjejeniyar Janeba sashen da ya hana kai hari kan madatsun ruwa in sakin ruwan zai hallaka farar hula masu yawa. Ita ma Birtaniya ta daɗe tana jin nauyin rundunar bama-bamanta, musamman bayan abin da aka yi wa Hamburg a 1943 da Dresden a 1945. Churchill, wanda ya aike su, bai ambace su ba a jawabinsa na nasara. Ba a gina musu abin tunawa a tsakiyar Landan ba sai 2012, shekara 67 bayan yaƙi, lokacin da yawancin waɗanda suka tsira sun riga mu gidan gaskiya. A jikin ginin an ƙara layin da ke tuna mutanen kowace ƙasa da bama-bamai suka kashe. An makara, amma an rubuta.

Shi kansa mutumin, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ba duka ke yabon halinsa ba. An san shi da tsanani da ɗagawa, musamman ga ƙananan sojoji da makanikai masu kwana suna gyaran jirginsa. Laƙabin jarumi yakan shafe irin wannan, ya bar mutum sumul kamar ba a taɓa jin haushinsa ba. Yakan kuma shafe na kusa da shi. Mutum nawa cikin masu zuwa ziyara Steenbergen suka zo don Warwick? Alhali da farko shi ne mai cikakken suna a kan gicciye, Gibson ne ɗan rakiya, kuma har gobe a akwati ɗaya suke.

Akwai kuma zancen kare, wanda mu baƙar fata ba za mu tsallake shi ba. Gibson yana da baƙin kare da yake ji da shi, ya raɗa masa kalmar nan ta zagi da Turawa ke jifan baƙin mutum da ita. Mota ta kashe karen ana gab da harin, ya ce a binne shi da tsakar dare a gaban ofishinsa, daidai lokacin da shi yake sama. Sunan karen ne kuma aka zaɓa ya zama kalmar sirri ta cewa Möhne ta fashe. Da ita aka buga saƙo zuwa hedkwata, inda Wallis da shugaban rundunar, Arthur Harris, ke jira, da ita aka yi murna. An yi wa karen dutse da sunansa. A 2020 sojan saman Birtaniya suka sauya dutsen da wanda babu sunan, aka yi ta ce-ce-ku-ce, dubbai suna cewa ana goge tarihi. Masu kare shi na cewa a zamanin haka ake kiran baƙaƙen karnuka, ba da nufin cin zarafi ba. Na yarda haka ake yi, kuma wannan ne ma abin dubawa: kalmar da ake kiran kakanninmu da ita ta zama sunan kare a bakin mutanen kirki, ba wanda ya ji wani abu. Ni ba sauya dutsen ne ya dame ni ba, ba kuma barinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kare ya sami dutse mai suna har ana faɗa a kansa, matan Neheim da yawa ba su samu ba.

Ba su kaɗai ba ne. Hukumar nan da ta yi alkawarin dutse ɗaya ga janar da kurtu, da ta iso Afirka sai alkawarin ya canja. A 2021 ita da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu wa daular Birtaniya a Yaƙin Duniya na Farko, akasari 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna su da suna ba, ko ma ba a tuna su ba sam, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron ƙasar na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Rahoton ya kawo ra'ayin Guggisberg, gwamnan Gwalkwas, wato Gana ta yau, wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya san darajarsa. Sojan Nijeriya kuwa, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun yi wannan yaƙi a Garwa da dutsen Mora a Kamaru, sun yi shi a Gabashin Afirka, su da 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka.

Gwamnan ya ga wani abu na gaskiya, ya yi masa mummunar fassara. Lalle Musulmin ƙasar Hausa ba ya gina kabari, ba ya sassaƙa dutse. Tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa ko fasasshiyar tukunya, bayan 'yan damuna ya baje. Amma rashin dutse bai taɓa nufin rashin kula da suna ba. Mu a jikin mutane muke rubuta namu. Uba ya rasu, a haifi ɗa a mayar masa da sunan, uwar yaron ta kasa furtawa don kunya ta koma kiransa Abba ko Baba, gida duka ya ɗauka. Ana yi wa mamaci sadaka, ana sa shi a addu'a da sunansa, maroƙi na jero shi in ya zo kirarin zuriya. Duk wannan yana bukatar abu ɗaya, a zo a ce wane ya rasu, a wuri kaza, rana kaza. Wanda aka hana iyalinsa wannan labari an bar shi mafƙudi har abada. Ba sai an tambaye su ko suna son dutse ba; takarda da alƙalami sun isa, kuma daular da ke iya ƙirga kuɗin harajin kowane ƙauye ba za ta ce rubuta sunan mamaci ya gagare ta ba.

A ganina, cikin duk karramawar da aka yi wa Gibson, da lambar sarki, da fim, da tituna, babu wadda ta kai ta mutanen da suka binne shi ba su san ko shi wane ne ba. Ba su auna aikinsa ba, ba su tambayi addininsa ba, suna ƙarƙashin idon abokan gabansa suka ba shi haƙƙin da kowane mamaci ke da shi, suka kuma rubuta ɗan abin da suka samu na sunansa don mai nema ya samu wata rana. Wannan haƙƙi ba lada ba ne na jarunta. Matar Yukren da ruwansa ya ci tana da shi daidai da shi, ɗan dakon da zazzaɓi ya kashe a Tanganyika yana da shi. Ina girmama kabarin Steenbergen, kuma ba na ganin wanda ya kai masa fure ya yi laifi. Wanda dai ya ba da labarin daren madatsun ya tsaya a kan mutum 53, bai ƙarasa ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu hukumar kaburburan ta ɗan gyara. A shekarar da Gibson ya faɗi, dubban samarin ƙasar nan suna dazukan Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suna fafatawa da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu bataliyoyin Nijeriya kuma suna cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba. Sunayen barikokinmu, Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can aka ɗauko su, ko da yake masu wucewa ta ƙofarsu kullum ba kowa ya sani ba. Waɗanda ba su dawo ba, wasu na kwance a maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Yangon, inda akwai kabari fiye da 6,000, wasu kuma sunayensu na kan ginshiƙan da ke tsakiyarta, tare da kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba.

Rajistar hukumar a buɗe take a intanet, kyauta, kowa na iya dubawa. Mai karatu, in a gidanku akwai kakan da ake cewa ya tafi Yaƙin Bama ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ka tambayi tsofaffin da suka rage tun suna nan. Ka tuna da yawa cikin sojanmu an rubuta su ne da sunan yanka haɗe da sunan garinsu ko ƙabilarsu, ba da sunan uba ba, kuma da irin rubutun da kunnen Bature ya ji, don haka sai ka gwada siga fiye da ɗaya. In akwai tsohuwar takarda ko lambar soja a cikin adaka, ita ce ta fi saurin kai ka. In ka same shi, za ka ga rundunarsa da ranar da ya rasu da inda aka rubuta shi. Ka kai wa dangi labari, a yi masa addu'a.